Babur Mai Ƙafa Huɗu Ba Ya Goyo

Abin da na sani game da babur, a littafi na san shi. A gidanmu a Kano ba a barin 'ya mace ta hau acaɓa, don haka har na yi aure na bar ƙasar ban taɓa ɗora ƙafata a kan babur ba. Amma na sha hawansa a takarda. A ƙananan littattafan soyayyar da muke haya a bakin kasuwa, da wuya ka gama ɗaya ba ka ci karo da shafin nan ba, inda ango zai goya amaryarsa da yamma, ita tana riƙe da gefen rigarsa don kunya, iska na kaɗa mayafinta, sai babur ya faɗa rami ta kama ƙugunsa ba shiri. Nakan karanta shafin, in rufe littafin in lumshe ido, in sake buɗewa.

Maigidana Bazazzagi ne, kuma tun yana sakandare yake tuƙa babur. Akwai wani hotonsa da aka nuna mini kafin aurenmu, yana zaune a kan babur da baƙin tabarau, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ba zan ce hoton ne ya sa na amince ba, amma ya taimaka. Sai daga baya na ji ashe ya sayar da babur ɗin tun lokacin da zai taho karatu Amurka. Na auri mai babur, na tarar babu babur.

A Greensboro muka zauna, a unguwar Glenwood, cikin wani ƙaramin gidan katako mai baranda, kusa da jami'a. Maƙwabtanmu duk ɗalibai ne masu kekuna da jakar goyo. Wajen tsakiyar shekarun casa'in ya gama karatu ya samu aiki a wani kamfanin saƙa, yana fita da safe ya dawo a gajiye. Ni kuwa ina gida da kwalin littattafaina da na taho da su, waɗanda na karanta har bangonsu ya yi laushi. Asabar ce kawai ranarmu. Ranar muke cefane tare, mu ci abincin rana ba gaggawa, ya kwanta a kan doguwar kujera ina ba shi labarin littafin da na sake karantawa, yana yi kamar yana ji.

Sai abokan aikinsa suka ja shi daji. Akwai wani daji a kudu da garin, mai tuddai da ƙoramu, inda aka ware hanyoyi don masu hawan babur mai ƙafa huɗu. Wani daga cikinsu ya ara masa nasa. Ranar farko ya dawo da jan taɓo har wuya, yana dariya shi kaɗai a bakin ƙofa, irin dariyar da na daɗe ban ji ba. Na karɓi wandon zan wanke, na tarar da siraran ganyaye kamar allura a aljihun, masu ƙamshi kamar turaren wuta da ba a kunna ba. Na tambaye shi yaya wurin yake. Ya ce daji ne kawai. Na ce akwai ruwa? Ya ce akwai. Na ce tsuntsaye fa? Ya ce bai lura ba, hanya yake kallo.

Asabar ta biyu ma ya tafi, da ta uku. Ban yi fushi ba, don ban san da wa zan yi ba. Abin da ya fi damuna shi ne son sani. Me ke cikin dajin nan da yake dawo mini da mijina fuska a sake, abin da ni da tuwona da labaraina muka kasa? Nakan tsaya a baranda ina kallon motar haya ta gari tana wucewa, ina ƙaga dajin a raina. Kuma na gane cewa in abin ya ci gaba haka, Asabar ɗinmu ta tafi ke nan.

Ranar da ya ce ya gaji da aro, nasa zai saya, ya zo da takardun talla masu sheƙi ya baza a kan tebur. Yana nuna mini girman inji, ni idona na kan sirdi. Dogo ne, baƙi, shimfiɗe tun daga tanki har baya. Na ce a raina wannan ai wurin mutum biyu ne, har da sarari. Nan take na ga kaina a bayansa cikin itatuwa, mayafina a iska. Na ce masa Allah ya sanya alheri, kuma da ni za a je zaɓe.

Ba a sayen babban abu a wurinmu ba tare da an tafi da babba ba, ko da babban bai san komai game da abin ba. Namu babban shi ne Alhaji, wani dattijo Badamagare da ya riga kowa zuwa garin, yana da shagon kayan abinci, yana zaune a Sedgefield inda tagarsa ke kallon filin wasan golf. Shi ke da a-kori-kura, kuma da ita za a ɗauko abin in an saya. Da yake ni Bakanuwa ce, tsakaninmu wasa ne, bai taɓa ganina bai tsokane ni ba. Da ya ga na fito da shirina, ya ce wa maigidana ya kula, in aka tafi da Bakano ciniki, shi zai sayar da mai shagon ya dawo da canji. Na ce masa ai Damagarawa ne suka koya mana, muka fi su iyawa.

Kaka ce, ganyaye sun yi ja da rawaya, da ɗan sanyi. Na sa doguwar riga da wando a ciki, na ɗora kwat, na yafa mayafina mafi tsawo, wani shuɗi mara nauyi. Da gangan na zaɓe shi. Muka bi titin Wendover cikin cunkoso, muka wuce manyan shaguna da jerin gidajen haya, har inda gine-gine suka fara ƙaranci. Shagon yana can, da fili a bayansa.

Mai sayarwar wani Bature ne mai furfura da hular hana-salla, mai magana a hankali irin ta mutanen yankin. Maigidana ya riga ya tace zaɓinsa zuwa biyu, duka manya, duka injinsu na juya ƙafa huɗun, da kariyar ƙarfe gaba da baya. Ɗaya kore ne, mai giyar ƙafa kamar ta babur ɗin gida, da ɗan ƙarfen ɗora ƙafa a kowane gefe. Ɗayan ja ne, ya ɗan fi faɗi, ba shi da giyar da ake canzawa a tafiya, sai dai ka sa gaba ko baya ka danna. Maimakon ɗan ƙarfe, faranti ne shimfiɗe da ke ɗaukar tafin ƙafa gaba ɗaya.

Kowa ya kama duba abin da ya dame shi. Maigidana ya durƙusa yana leƙa inji, yana taɓa giyar koren da hannu kamar yana gaisawa da tsohon aboki. Alhaji ya kama kariyar baya yana jijjigawa, yana tambaya ko za ta ɗauki rago, don tunaninsa ya riga ya tafi gonar da muke zuwa yanka da Babbar Salla. Ni kuma na zagaya na auna sirdin kowanne da taƙin hannuna. Na jan ya fi tsawo da laushi. Na tattara rigata na hau bayansa, na zauna a karkace, ƙafafu a gefe ɗaya kamar yadda na ga mata suna yi a Kano, na ce wa maigidana ya zo ya zauna a gaba mu gani.

Kafin ya taso, Baturen ya matso da murmushi, ya nemi afuwa, ya nuna mini wata takarda da aka manna a jikin abin, daidai gefen gwiwata. Hoton mutum biyu ne a kan babur, an ja musu jan layi. Ya ce waɗannan na mutum ɗaya ne, dukansu. Na ce to tsawon sirdin fa? Ya hau koren ya nuna mana. In za ka hau tudu sai ka zame gaba har cikinka ya kusa taɓa tanki, in za ka gangara sai ka zame baya can ƙarshe, in za ka yi kwana ka karkatar da jikinka ciki. Duk sirdin nan na mai tuƙi ne. In akwai wani a baya, babu wurin zamewa, kuma a kan tudu gaban abin zai ɗaga ya kife a kanku.

Na ji duk abin da ya ce, amma maigidana ya sake maimaita mini da Hausa, a hankali, kamar mai kai saƙon rasuwa. Na sauko.

Alhaji ne ya kasa haƙuri. Ya ce a Damagaram moto mai ƙafa biyu tana ɗaukar mutum da matarsa da yara biyu da akuya a tsakiya, ta kai su ƙauye ta dawo. Yaya za a ƙara wa abu ƙafa biyu a rage masa fasinja? Ya sa maigidana ya fassara wa Baturen. Baturen ya yi dariya har ya cire hula, ya ce yana so ya ga akuyar, amma dai amsar ba ta canza ba. Sai Alhaji ya juyo ya rage murya, ko da yake ba mai jin Hausa a wurin sai mu.

"Bon, ku saya kawai. In kun shiga daji wa zai gan ku? Ka goya Bakanuwarka."

Na dubi maigidana. Ya girgiza kai.

"Alhaji, na ga tuddan nan da idona. Ba zan ɗora ta a baya ba."

Na san don ni ya faɗa, kuma a littafi irin wannan maganar ce ke sa yarinya ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ni dai abin da na ji shi ne, ko kore ko ja, Asabar mai zuwa ina baranda.

Muka fita filin baya don gwaji. Ciyawa ce da wata hanya da tayoyi suka tattake, da ɗan tudun ƙasa a tsakiya. Maigidana ya sa hular kwano ya hau koren, ya gyara zama irin na hoton nan. Ya murɗa hannun dama, abin bai motsa ba. Ya sake murɗawa. Baturen ya nuna masa ɗan ƙaramin maɓalli a ƙarƙashin hannun, wanda ake turawa da babban yatsa. Maigidana ya ce ya sani, mantawa ya yi, kullum sai ya manta. Ya tashi da kyau, yana canza giya da ƙafa, ƙarar injin na hawa tana sauka, na ga kafaɗunsa sun saki. Amma da ya zo kwanar farko, sai ya sauke ƙafar hagu ƙasa kamar yadda ya saba tun yana yaro. Tayar baya ta cafke dunduniyar takalminsa ta tuɓe shi. Ya tsaya can gaba da safa, takalmin na kwance a taɓo.

Allah ya tsare, ƙafar ba ta ji komai ba. Alhaji ya je ya ɗauko takalmin da yatsa biyu, yana cewa Zage-zagi da ma ba su saba da takalmi ba. Baturen bai yi dariya ba. Ya ce waɗanda suka iya babur mai ƙafa biyu su suka fi ba shi tsoro, don jikinsu ya riga ya haddace wani abu dabam, kuma tayar baya ba ta san gwani ba.

Maigidana ya gwada jan. Farantin ya riƙe masa ƙafa, bai sauke ba ko sau ɗaya, ya hau tudun ya sauko lafiya. Amma da ya cire hular fuskarsa ba annuri. Ya ce wannan ai kujerar falo ce aka sa wa taya. Ƙafarsa ta hagu sai neman giya take ba ta samu. Mutum bai san yana tuƙi ba. Ya koma ya tsaya kusa da koren, hannunsa a kan tankin.

Ni kuwa tun ɗazu ɗan maɓallin nan nake kallo. Abu ƙarami haka, da yatsa ɗaya, ya motsa wannan ƙaton? Na matsa na taɓa shi, injin a kashe. Baturen ya gan ni, ya tambaya ko uwargida za ta gwada. Maigidana ya buɗe baki zai amsa, na riga shi. Na ce zan gwada.

Abu na farko da Baturen ya ce shi ne mayafin. In ya sauka ya shiga taya, wuyana zai ja. Na naɗe shi a kaina, na cusa sauran cikin kwat na ja zif har haɓa, aka kifa mini hular kwano a kai. Mayafin da na zaɓa don iska ko gefensa bai fito ba. Na tattare rigar zuwa gwiwa, na gode wa Allah da wandon, na hau jan, wannan karon ƙafa ɗaya a kowane gefe.

Na tura maɓallin kaɗan. Abin ya yi gurnani ya matsa. Na saki, ya tsaya. Na sake turawa. Ban san wata hanyar tuƙi ba, don haka abin da aka faɗa mini shi na yi: ƙafa a faranti, jiki cikin kwana, ido a gaba. Na zagaya filin a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Ciyawa na wucewa ta ƙarƙashina, ƙarfen hannun na rawa a tafina, kuma babu bayan kowa a gabana, fili ne kawai da itatuwa masu jan ganye a ƙarshensa. A duk littattafan da na karanta ba wanda ya taɓa gaya mini abin da na gaba yake gani. Da na zo tudun na zame gaba kamar yadda aka nuna, na hau, na zame baya, na sauko. Na ji Alhaji yana tafi.

Na ce a ba ni koren ma in ji. Shi kam bai karɓe ni ba. Sai an sa yatsun ƙafa a ƙarƙashin ƙarfe an ɗaga, takalmina mai laushi ne, ko na ɗaga sai abin ya zabura ya jefa ni gaba, kuma nan da nan na manta a giya ta nawa nake. Ƙafata ta zame daga ɗan ƙarfen, na tsorata na tsaya. Na sauko na ce wannan na masu shi ne.

Baturen ya ba mu wuri. Muka koma bayan a-kori-kurar Alhaji muka zauna, ya fiddo goro ya ɓara. Ya ce shi dai a ganinsa duk kariyar ɗaya ce, kowanne zai ɗauki rago, don haka mai hawa ya zaɓa. Maigidana yana ta kallon koren daga nesa. Na san abin da yake gani, babur ɗinsa na Zariya ne da ya sayar don kuɗin jirgi. Shi ya yi aikin, shi ya sha sanyin safiya, kuma ban ga dalilin da zai sa ya sayi kujerar falo ba.

Can ya juyo ya dube ni, har yanzu zif ɗina a haɓa.

"In na ɗauki jan, za ki bi ni ranar Asabar?"

"Ai ka ji, ba ya goyo."

"Na ji. Karɓa-karɓa za mu yi. Ni in zaga in dawo, ke ki zaga."

"Koren kake so."

"Koren ba ya son takalmina," in ji shi, ya miƙe yana karkaɗe wando.

Alhaji ya ce ai ya faɗa tun a gida, an zo da Bakanuwa, ga shi ta saye babur ɗin da mai babur ɗin ba ta ciro ko sisi ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka ari motar Alhaji muka nufi kudu. Na dafa shinkafa da wake na zuba a kula, na cika fulas da shayi, na jefa littafi ɗaya a jaka don zaman jira. Dajin ya fi wanda na ƙaga duhu da tsawo, kuma ƙamshin nan na aljihun wando shi ne ko'ina. Maigidana ne ya fara tafiya da abokansa. Na zauna a kan wani kututture da littafin a cinya, ban buɗe ba, ina sauraron wani tsuntsu da ke ƙwanƙwasa itace kamar kafinta.

Da ya dawo ya miƙo mini hular. Matar ɗaya daga cikin abokan aikinsa ta ce in bi bayanta, za mu bi hanya mai sauƙi. Muka shiga. Jan taɓo, saiwoyi, duwatsu, wata ƙorama da ruwanta ya fantsamo mini har gwiwa, mai sanyi kamar ƙanƙara. A wata gangara na zame baya har ƙarshen sirdin, daidai wurin da na auna da taƙi na ce nawa ne, na ji yadda abin ya kama ƙasa. Muka ci karo da barewa biyu tsaye a tsakiyar hanya, suka dube mu suka ɗaga fararen wutsiyoyi suka shige. Na so in tsaya in ga inda suka bi. Duk inda hanya ta rabu sai in ji ina son sanin abin da ke ɗayar.

Mun daɗe fiye da yadda aka yi alkawari. Ina fitowa daga cikin itatuwa ina shirya ban haƙuri, sai na hango shi a kan kututturen, ya miƙe ƙafa, kofin shayi a gefe, littafina a hannunsa. Mutumin da shekara da shekaru yake yi kamar yana jin labaraina. Na tsaya a gabansa, taɓo har fuska, injin na gurnani. Ya ɗago, yatsansa a tsakanin shafuka.

"Wanda ya rubuta wannan bai taɓa hawa babur ba," ya ce. "Wa ke faɗawa rami da gangan da mace a baya?"

"Lokacinka ne. Ga hular."

"Ƙara zagaye ɗaya. Ina so in ga ko za ta yafe masa."

Shekarun da muka yi da jan nan bai taɓa goya ni ba, ni ma ban taɓa goya shi ba. Babur ɗin dai ya ɗauko wa Alhaji raguna daga ƙarshen gona da Babbar Salla. In wani ya wuce mu a daji a kan kore yana canza giya, nakan ga kan maigidana ya juya ya bi shi har ƙarar ta ɓace, ƙafarsa ta hagu na ɗan motsi a ƙasa. Waccan ranar dai na mayar da hular kaina, na tura maɓallin, na koma na ɗauki hanyar da bareyin suka bi.